Yadda Za Ka Zaɓi Kyamarar Maƙalawa A Jiki Don Wasannin Fili

Darasinmu na yau a kan ƙaramar kyamarar nan ce da ake maƙalawa a ƙirji ko a hular kwano, wadda Turawa ke kira action camera. Zan fara da kuskuren da na yi, don kada wani ya maimaita shi.

Bara na sayi wata a intanet, an rubuta 4K da manyan baƙaƙe a kwalinta, ga araha. Na ɗaura ta a ƙirji, na hau babur daga Aliero zuwa Jega. Da na dawo na buɗe bidiyon, sai girgiza kawai, ko allon gefen titi ba ya karantuwa, kuma tun kafin in isa ta ɗau zafi ta mutu. Kuɗin da na daɗe ina tarawa suka tafi. Araha ba ta ado.

Wani Ba'amurke mai suna Nick Woodman ya kafa kamfanin GoPro a 2002 don masu hawan igiyar teku su riƙa ɗaukar kansu. Yau manyan sunaye a kasuwar su ne GoPro, DJI da Insta360, sai masu sauƙin kuɗi irin su Akaso da SJCAM. Ga abin da za ka duba kafin ka biya.

1. Wane wasa za ka ɗauka?

Wannan tambayar ce ke yanke sauran. Mai sukuwa a hawan Sallah da mai keke ko babur, babbar matsalarsu girgiza ce. Wanda zai shiga ruwa a bikin kamun kifi na Argungu, ko ya hau kwalekwale a Rigatar Yawuri, juriyar ruwa ce a gabansa. Mai ɗaukar ƙwallo, dambe ko kokawa daga gefen fili kuwa ya sani cewa idon waɗannan kyamarori faɗi gare shi, ba ya jawo abu daga nesa. Idan kana bayan taro, ɗan damben zai fito ɗan mitsitsi. A nan wayarka ma tana iya fin ta amfani.

2. Hana girgiza ya fi 4K muhimmanci

Kyamara mai kyau tana da sensa da ke auna motsin jikinka, sai manhajarta ta ɗan yanke gefen hoton ta daidaita shi. GoPro na kiran nata tsarin HyperSmooth, DJI na cewa RockSteady, Insta360 kuma FlowState. A yawancin masu araha akwai tarko: hana girgizar ba ya aiki idan ka zaɓi 4K, sai ka sauko 1080p. Wasu kuma 4K ɗin ma na bogi ne, ƙaramin hoto ake buɗawa da manhaja.

Ka tuna inda bidiyon zai ƙare. WhatsApp, TikTok da Facebook duk suna matse shi. Bidiyon 1080p mai ɗaukar hoto 50 ko 60 a sakan, wanda ba ya rawa, ya fi 4K mai sa jiri daɗin kallo, kuma za ka iya rage gudunsa a ga yadda doki ke ɗaga ƙafa.

3. Zafi da batir

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a Aliero, Jega da Maiyama, ita kuma kyamarar tana haifar da nata zafin daga ciki. Idan ya yi yawa sai ta kashe kanta. Ka duba iyakar zafin da kamfani ya rubuta a takardar bayani. DJI Osmo Action 4, misali, an rubuta mata har digiri 45. Iskar da ke bugun ta a kan babur ko doki tana sanyaya ta, amma idan ka kafa ta a rana wuri ɗaya, da wuri za ta gaji.

Ka zaɓi wadda ake cire batirinta, ka sayi na biyu. Awannin da ake rubutawa a talla a ƙaramin saiti ake auna su, don haka kada ka dogara da su. Da yanayin wutarmu, wadda ke caji da USB-C ta fi, domin fawa-bank ɗin wayarka zai yi mata.

4. Ruwa da ƙura

GoPro HERO13 Black tana jure zurfin mita 10 ba tare da gida ba, Osmo Action 4 kuma mita 18. Masu araha sai an saka su a gidan roba, shi kuma yana toshe sauti. Ruwan gulbinmu na da laka, don haka kada ka sa ran ganin kifi a ƙarƙashi kamar yadda kake gani a YouTube. Abin da kake buƙata shi ne ta tsira idan ta nitse, da igiya ko abin riƙo mai yawo a saman ruwa. Ƙurar hunturu kuwa tana karce gilashin gaba. Ka nemi wadda ake kwance murfin gilashinta a canza, kuma ka hure ƙura kafin ka goge.

5. Memori

Bidiyo mai nauyin megabit 100 a sakan yana cin kusan 45GB a awa ɗaya. Ke nan memori mai 64GB ba zai kai awa ɗaya da rabi ba. Ka nemi mai alamar V30 ko U3, ma'ana yana rubuta aƙalla 30MB a sakan. Memorin jabu ya cika kasuwa: zai nuna maka 128GB, amma bidiyon ya lalace a tsakiya. Ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin ranar biki.

6. Inda za ka maƙala ta

Ƙirji ya fi dacewa da doki da keke, domin ana ganin hannunka da linzami. Hular kwano tana bin duk inda ka kalla. Idan kana son wadda ba za ta dame ka ba, Insta360 GO 3S ba ta kai giram 40 ba, da maganaɗisu take manne wa riga, sai dai batirinta ƙarami ne. Kada ɗan dambe ko ɗan kokawa ya shiga fili da kyamara a jiki. Garinmu ya yi suna da masu ɗori, amma ba sai mun ƙara musu aiki ba.

Shawarar ƙarshe

HERO13 Black ta fito a 2024 a kan kusan dala 400, ka lissafa da canjin yau. Idan aljihu bai kai ba, tsohuwar ƙira ta babban kamfani, kamar HERO9 ko Osmo Action 3, ta fi sabuwa marar suna. Idan ta hannu ce, ka sa memori, ka kunna ta minti 15 a gaban mai sayarwa, ka yi ɗan gudu da ita, ka duba ko batirin ya kumbura da ko robar ƙofarta ta tsage, sannan ka haɗa ta da wayarka ka tabbatar manhajar tana aiki. Bayan ka saya, ka sa saitin hana walƙiyar fitila a 50Hz, domin shi ne na wutar Najeriya.

Kuma ka kiyaye haƙƙin mutane. Kyamarar da ke ƙirjinka tana ɗaukar kowa: mata a bakin gulbi, yara, masu wanka. Ka nemi izini, ka kashe ta a shingen jami'an tsaro, ka yanke abin da bai dace ba kafin ka ɗora.

A darasi na gaba za mu ga yadda ake tace bidiyon a waya ba tare da ya rasa kyansa ba. Sai mun haɗu.