DARASIN SANA'A: YADDA ZA KI ZAƁI KYAMARARKI TA FARKO DA ƊAN ABIN DA KE HANNUNKI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Darasinmu na wannan fitowa a kan sana'ar ɗaukar hoto da bidiyo ne. Kowace daga cikinmu ta san yadda ake yi a gidajen biki. Ranar kamu ko wuni ko walimar mata, an ce taro na mata ne zalla, kowa ta ajiye hijabinta ta ci ado, sai ga ƙato ya shigo da kyamara har uwar ɗaka. In an yi magana a ce ai babu mace mai ɗauka. To 'yar uwa, ga sana'a nan tana jiranki: ki suturta 'yan uwanki, ki kuma sami na cefane. Haka nan ga mai sayar da atamfa ko turaren wuta, da makarantun Islamiyya masu son adana saukar ɗalibansu.

Hukunci kafin ciniki

Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara. Sheikh Abdul'aziz bin Baz ya hana sai da lalura, kamar hoton fasfo. Sheikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya yi muftin Masar, da Sheikh Yusuf al-Ƙardawi sun halatta, suna ganin kama inuwar abu ne kamar yadda madubi ke yi. Amma har masu halattawar sun sa sharaɗi: kada abin da aka ɗauka ya zama haramun ne kallonsa. Don haka ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa, sannan ki nemi yardar maigida, tunda sana'a ce ta fita.

Mece ce DSLR?

Ita ce kyamarar nan baƙa mai ƙusumbi wadda ake cire mata ido a sa wani. A cikinta akwai ɗan madubi da ke turo miki hoto zuwa ramin da kike leƙawa. Abin da ta fi waya da shi guda biyu ne: sensarta, wato faifan da ke karɓar haske, ta ninka ta yawancin wayoyi girma, shi ya sa hotonta ke fita tas a ɗaki mai ƙarancin haske, sannan kina iya canza mata ido daidai da aikinki. Ta fara ɗaukar bidiyo ne a 2008, da fitowar Nikon D90.

Daga 2018 kamfanonin Canon da Nikon suka karkata ga ƙera manyan kyamarori marasa madubi, har ya zama sun bar fito da sababbin samfurin DSLR. Wannan gaba ta kai ki, domin masu hali suna ta sayar da nasu, na hannu sun yi yawa a kasuwa, kuɗinsu ya sauko, kuma aikinsu bai ragu da komai ba.

Abin da za ki duba

Kada yawan megafiksel ya ruɗe ki. Mai 18 ta ishe ki wanke hoton da za a rataya a falo. Haka nan kada ki dage sai mai 4K. Bidiyon 1080 ya wadatar, kuma bai cika memori da wuri. Ga abubuwan da suka fi muhimmanci:

1. Ramin makirfo. Mutane na iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙuri da muryar da ba a ji. In za ki ɗauki wa'azin malama ko karatun mai sauka, dole ki jona makirfo na waje. Canon 1300D da 2000D da 4000D, da Nikon D3400 da D3500, duk ba su da wannan rami. Suna da kyau a hoto, amma ga mai bidiyo akwai gyara.

2. Allon kallo mai juyawa. Yana ba ki damar ɗaga kyamara sama da kan jama'a kina ganin abin da kike ɗauka, ba sai kin hau kujera ba.

3. Bin fuska yayin bidiyo. Tsofaffin samfuri suna jinkiri wajen daidaita hoto idan mutum na motsi, sai kin juya ido da hannu.

In kuɗin kaɗan ne, nemi Canon 600D ta 2011 ko 700D ta 2013. Dukkansu megafiksel 18 ne, da allo mai juyawa da ramin makirfo. A ɓangaren Nikon akwai D5300 ta 2013 mai megafiksel 24 da waɗannan abubuwa biyu, sai D3300 ta 2014 mai ramin makirfo amma allonta a kafe yake. In da ɗan ƙari a hannunki kuma bidiyo ne babban aikinki, Canon 200D ta 2017 ta fi su duka iya bin fuska da kanta.

Ki kuma sani waɗannan kyamarori ba sa wuce minti 29 da daƙiƙa 59 a ɗauka guda, wasu ma tun kafin nan suke tsayawa. Sai ki riƙa lura, kada malama na tsakiyar addu'a ke kuwa kyamara ta daɗe da yin shiru.

Ido ya fi gangar jiki

Galibi ana sayar da su da ido mai lamba 18-55mm. Fara da shi, ya isa koyo da hoton taro. Idan aiki ya fara kawo kuɗi, sai ki ƙara mai lamba 50mm f/1.8. Shi ne mai fito da amarya fes ya dusashe abin da ke bayanta, kuma yana shan haske sosai. Illarsa yana matso da abu kusa, a ƙaramin ɗaki sai kin manne da bango. Ga mai Nikon, 35mm f/1.8 ya fi dacewa da ɗakunanmu. Hattara: ƙananan Nikon ɗin da muka ambata ba sa daidaita hoto da kansu da tsofaffin idanu, nemi mai rubutun AF-S a jiki. Kuma idon Canon ba ya hawa Nikon, saboda haka gidan da kika shiga da farko nan za ki zauna.

Kada ki juye adashin duka a kan kyamara

Shawarata ki kasa kuɗin uku. Kashi biyu na kyamara da idonta, kashi ɗaya na kayan aiki: batir na biyu, tunda kin san halin wutarmu, memori guda biyu masu lamba 10 a cikin da'ira, a saya a shagon da aka yarda da shi don jabu sun yi yawa, matokari mai ƙafa uku, ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan hijabi, da jaka. Kada ki ci bashi mai ruwa a kan wannan. Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta ja mana kunne a kan almubazzaranci, sayen abin da ya fi ƙarfin buƙata kuwa yana daga ciki.

Ranar sayen ta hannu

Ki tafi da maigida ko ɗan uwanki da wanda ya san harkar, da memorinki a jaka. A duba miki adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Irin waɗannan ana ƙiyasta musu kamar 100,000, don haka wadda ta kusa nan ki bar ta komai arharta, arha ba ta ado. Ɗauki hoton farar takarda ki buɗe shi sosai, ko akwai ɗigo-ɗigo. Haska idon da tocilar waya, in kin ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce. Yi bidiyo na minti biyar ki saurara. Sannan a ba ki rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, don gudun kayan sata.

Bayan kin kawo ta gida, saita bidiyonta a kan 25, domin shi ya dace da wutar ƙasarmu, yana rage kyaftawar fitila a hoto. Lokacin hunturu kada ki cire ido a fili, ƙura na shiga. Da damina kuma kada ki kulle ta a wuri mai laima.

Amana

'Yar uwa, duk wadda ta tsaya gaban kyamararki ba mayafi, ta yi ne don ke mace ce. Suratun Nur, aya ta 31, ta lissafa waɗanda aka yarda su ga adon mace, mai shagon wankin hoto ba ya ciki, maigidanki ma ba ya ciki in matar wani ce. Koyi tace aikinki da kanki, ki sa wa kwamfutarki mabuɗin sirri, kada ki ɗora hoton kowa a Facebook ko WhatsApp don talla sai da izininta, kuma wadda ta ce kar a ɗauke ta, a kyale ta. In kin miƙa aiki mai shi ta tabbatar ya isa gare ta, goge na wurinki. Wadda aka sani da riƙon amana, ita ake kira gida-gida.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mu da cin haram, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba insha Allahu. Wassalamu alaikum.