Gudu na kaifafa ƙwaƙwalwa kuwa?

Tambaya: Malam, shekaruna 45, ina da shagon kayan masarufi a Kakuri. Mantuwa ta dame ni, har canji nakan rikice wajen bayarwa. An ce gudu magani ne. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Makera.

Amsa: Ɗan'uwa, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Idan kana gudu, zuciya na tura jini da iska sosai zuwa ƙwaƙwalwa, jiki kuma na ƙara sakin wani sinadari, BDNF, mai ciyar da ƙwayoyinta. A 2011, masana a Amurka sun sa dattawa tafiyar sauri ta minti 40 sau uku a mako. Bayan shekara guda, sashen ƙwaƙwalwarsu mai adana abin da aka koya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar yin aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi.

Sannu ba ta hana zuwa. Bayan sallar asuba, kafin hayaƙin motoci ya turnuƙe titin Kachia, shiga layukan Barnawa: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, har minti ashirin. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, ka haƙura.

Amma fa sai ka fara zuwa asibiti a auna maka hawan jini da suga, domin su ma suna kawo mantuwa, haka ma ƙarancin barci. Allah ya ƙara lafiya.