Kafin ka ɗauki motar zango, kwanta a gadonta tukuna

Aikina miƙa motocin haya ne da karɓarsu, a wani gareji da ke arewacin Jamus. Motocinmu irin na tafiya hutu ne, waɗanda ake kwana a ciki, a yi girki a ciki. Ni dai motocin zango nake ce musu. Ni ke nuna wa mai haya yadda ake ɗaga rufi, a kunna gas, a shimfiɗa gado, ranar da ya dawo kuma ni ke shan ƙorafinsa. Tun da sabuwar California ta kamfanin Volkswagen ta shigo hannunmu, kusan kowa ita yake nunawa da yatsa, ko leƙa tsohuwar ba ya yi. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da idona ya gani.

An fara yin California a 1988. Tun daga nan har zuwa samfurin T6.1 na 2019, a kan Transporter ake gina ta, motar magina da masu kai kaya. Wadda ta fito a 2024 kuwa a kan Multivan aka ɗora ta, wadda ƙashin jikinta na ƙananan motoci ne, dangin Golf da Passat. A tuƙi ba na musu, sabuwar ta fi laushi, ta fi shiru, duk giyarta otomatik ce, akwai ta dizal da ta fetur da mai haɗa fetur da lantarki. Birkin hannunta ma maɓalli ne. A tsohuwar, sai ka sauke sandar birki kafin kujerar direba ta juyo ta fuskanci ɗaki, kuma na sha ganin wanda ya manta bai mayar da ita ba.

Tsawo ya ƙaru daga mita 4.90 zuwa 5.17. Bisa kuwa har yanzu bai kai mita biyu ba, don haka tana shiga yawancin wuraren ajiye mota na ƙarƙashin ƙasa. Sai dai wanda hannunsa ya saba da tsohuwar ya riƙa tuna santimita 27 ɗin nan lokacin ribas.

Inda maganar take shi ne ƙofa. Tsohuwar ƙofar gefe ɗaya gare ta, a dama. Bangon hagu kacokan na kicin ne: murhu mai baki biyu, wurin wanke kwano, firji mai cin lita 42 da ake buɗewa ta sama, da kabad-kabad a ƙasa. Sabuwar tana da ƙofa a kowane gefe. Abin sha'awa ne, iska na ratsawa, yara na iya sauka ta gefen da babu motoci, kana tsaye a waje za ka jawo firji kamar aljihun tebur ka ɗauki ruwan sanyi. Amma ƙofar nan daga jikin kicin aka yanko mata wuri. Murhu ya koma baki ɗaya, firji lita 37, wurin ajiye kwanuka da kayan miya ya tsuke. Waɗanda suka zana ta sun ɗauka rabin zamanka a waje za ka yi, ƙarƙashin rumfa. Idan rana ta fito, sun yi gaskiya. To amma a gaɓar Tekun Arewa ana iya kwana uku ana tsuga ruwa da iska.

Wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya daɗe a Hamburg ya zo da iyalinsa, shi da uwargida da yara biyu. Ya nuna sabuwar. Na ce, “Alhaji, da za a bar Hajiya ta duba kicin ɗin tukuna.” Ta leƙa sau ɗaya ta ce, “Ɗana, idan na ɗora shinkafa, ina zan ɗora miya?” Tsohuwar suka ɗauka. Bature mai dafa taliya ya juye mata miyar kwalba, baki ɗaya ya ishe shi. Girkinmu tukunya biyu yake so.

A nan ne nake son a saurare ni da kyau. Na fara tsintar ƙananan murhun gas na tafi-da-gidanka a cikin motocin da aka dawo da su. Mutum ya ga baki ɗaya bai ishe shi ba, ya sayo ƙari, ruwa ya tsuge, ya shigo da shi ciki ya rufe ƙofofi. Wuta a rufaffen wuri tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, farkonta ciwon kai da kasala, ƙarshenta barcin da ba a tashi. Ƙaramin murhu na waje ne, ko da ƙanƙara ake yi. Na cikin motar ma sai an buɗe taga, kuma ba a ɗumama ɗaki da shi, akwai hita da aka yi don haka. Mai sayen irin motar nan ta hannu ya nemi takardar gwajin gas, wanda a Jamus ake yi duk shekara biyu.

Sai gado. Mutane na ɗauka tunda mota ta ƙara tsawo, makwanci ya ƙara faɗi. Ina! A nau'in California da ake kira Ocean, gadon ƙasa ya sauko daga kusan mita 1.14 zuwa 1.06, na cikin rufi daga 1.20 zuwa kusan 1.14. A takarda ba komai ba ne. Mutum biyu masu jiki su kwanta, a daren farko za su san bambancin.

Kujerun baya kam sabuwar ta ci gari. An cire dogon bencin nan mai nauyin tsiya da sai an taru ake fitar da shi, an sa kujeru biyu masu zaman kansu. Ka cire ɗaya, keke ya shige. Wanda mota ɗaya gare shi, da ita zai je aiki, ya kai yara makaranta, ya yi zangon kwana biyu a ƙarshen mako, sabuwar nake ba shi ba tare da wani dogon bayani ba. Mai niyyar mako uku a hanya da iyali, yana girki safe da dare, tsohuwar nake tura shi, ko da yake an daina ƙera ta, sai ta hannu.

Yanzu kafin kowa ya sa hannu a takarda, sai na rufe ƙofofin duka da shi da iyalinsa a ciki, na ce su shimfiɗa gadon ƙasa, su cire takalma su kwanta, sannan wani ya gwada buɗe firji a haka. Minti goma nake ba su, ina tsaye a waje da makullan motocin biyu a hannuna.