Kafin ka sayi burodi a Faris

David Lebovitz, Ba'amurke mai gashin kek, ya koma Faris da zama a 2004, a 2009 kuma ya fitar da littafi kan yadda ya yi ta fama da Faransawa. Na karanta ina dariya, domin cikin abin da sai da ya koya har da abin da mu muka tashi da shi: gaisuwa.

In tafiya ta kama ka can, kada ka shiga shagon burodi ka fara da nuna abin da kake so. Ka ce "bonjour, madame" tukuna, ko da layi ya kai bakin ƙofa. In ka manta, za a miƙo maka burodin, amma fuska a murtuke. A kasuwa kuma kada ka kai hannu kana latsa tumatir. Mai kaya ne ke zaɓa, kai dai gaya masa yau za ka ci ko jibi.

A watan Agusta ƙananan shaguna da yawa a rufe suke, masu su sun tafi hutu. In kuwa zama za ka yi, adana takardar kuɗin lantarki kamar zinariya: ita ce shaidar inda kake zaune, kuma galibi wadda ba ta wuce wata 3 ba ake karɓa.