In Gwamnati Ta Shafa wa Gidanka Jan Fenti

Jama'a, da yawa daga cikinmu suna zaton wanda ya sayi fili ya gina, ƙasar ta zama tasa har jikoki. A dokar Nijeriya ba haka abin yake ba. Tun ran 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana domin jama'a. Abin da ke hannunka izinin zama ne, galibi na shekara 99. Mu nan Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, don tun 1910 Turawa suka shimfiɗa mana irinsa.

Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke izinin in aikin jama'a ya taso, kamar hanya ko asibiti. Amma fa da sharaɗi. Wajibi ne a ba ka sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta. Jan fentin da ka wayi gari ka gani a katanga bai isa sanarwa ba. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a biya diyya ba da jinkiri ba, wanda bai gamsu ba ya tafi kotu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Diyyar ta gini ce da shuka, ƙasar ba ta ciki. Za a ƙiyasta bulo da kwano da rijiya, har mangwaron tsakar gida. Ba mai yi wa maƙwabtan shekara talatin kuɗi, balle cinikin ƙosan da uwargida ke yi a ƙofar gida. Kafin kuɗin su fito kuwa, siminti ya tashi, mai gida ya koma ɗan haya a bayan gari. A Maroko ta Legas, cikin Yulin 1990, katafila ta raba mutum wajen 300,000 da muhallinsu, akasarinsu ba su sami matsuguni ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, adana takardar filinka da ta izinin gini da rasit ɗin kuɗin ƙasa. Ɗauki hoton gidan ciki da waje. Ran da masu ƙiyasi suka zo, tsaya a kansu, kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Ku haɗu da maƙwabta ku nemi lauya tun katafila ba ta iso unguwa ba.