Darasin Wannan Juma'a: Yaranmu da Ruwan da Ke Tsakar Gida



'Yan uwa, yawancinmu mun taso ne a garuruwan da ba a ganin ruwa mai zurfi sai a rijiya, ko a kududdufin bayan gari idan damina ta yi nisa. Iyayenmu sun san haɗarinsu, shi ya sa suke rufe bakin rijiya, suke daka wa yaro tsawa idan ya nufi kududdufi. To, neman halali ya kawo mu Legas, kuma a nan ruwan har tsakar gida ya shigo. Gidaje da yawa a Ikoyi da Lekki da Magodo suna da wurin ninkaya. Wasunmu gadi suke yi a irin waɗannan gidaje, wasu tuƙi, wasu ban ruwan fulawa, suna zaune a boskwata da iyalinsu. Wasu kuma Allah ya buɗa musu, sun gina nasu. Ko ta wace hanya dai, yaranmu suna wasa taku kaɗan daga ruwan da ya fi ƙarfinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka rasu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kansa.

Abu na farko da ya kamata mu fahimta shi ne nutsewa ba ta da ƙara. Muna zaton idan yaro ya faɗa ruwa zai yi ihu, ya yi ta fantsama ruwa har a ji. Ba haka ba ne. Bakin da ke neman numfashi ba ya iya kiran Mama. Yaro yakan sulale ƙasa shiru, kuma idan ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 zuwa 6 babu iska, sai ta fara lalacewa. Ku auna fa: lokacin da za a amsa waya ɗaya, ko a sauke tukunya, ko a buɗe wa mota get, ya isa. Ƙaramin yaro kuma kansa ya rinjayi jikinsa, idan ya kifa a ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, yana iya kasa ɗagowa. Don haka wanda gidansu babu wurin ninkaya ma darasin nan ya shafe shi. Bokitin wanki, baho, duron tara ruwa, tankin ƙasa, sokawe, lambatun ƙofar gida bayan ruwan sama, duk sahu ɗaya suke.

Kariya ta farko ita ce ido. Sau da yawa abin yakan faru ne a ranar da gida ya cika, ranar suna ko walima ko yawon Sallah, domin kowa yana zaton wani ne ke kallon yaran. Uwa tana cewa ai yana wurin babansa, uba yana cewa ai yana wurin yayarsa. Maganin wannan shi ne a kira sunan babba guda ɗaya, a ce masa kai ne mai tsaron ruwa yanzu. Ba waya a hannunsa, ba hira, kuma ba zai tashi ba sai ya damƙa aikin ga wani baki da baki. Idan yaron bai kai shekara 5 ba, ya kasance inda hannu zai iya cafko shi. Kuma don Allah mu daina bar wa 'yar shekara 8 tsaron ƙaninta a bakin ruwa, ita ma ai yarinya ce.

Kariya ta biyu ita ce shinge, domin ido yana gajiya, mutum yana mantuwa. Wanda yake da wurin ninkaya a gidansa ya kewaye shi ta kowane ɓangare huɗu da shingen da tsayinsa bai gaza mita 1.2 ba, mai ƙofar da ke rufe kanta, sakatarta a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Katangar gida ba ta wadatar, don yaron ai a cikin gidan yake. A janye kujeru da tukwanen fulawa daga jikin shingen, a kwashe ƙwallo da kayan wasa daga cikin ruwa bayan an gama, domin su ne ke jan yaro ya miƙa hannu. Maganin tsabtace ruwa, wato kulorin, a kulle shi a ɗaki, kada a haɗa shi da wani sinadari.

Mun san mai gadi ba shi da ikon gina shinge a gidan wani. Amma yana da baki. Ya samu maigidan cikin ladabi ya ce, ranka ya daɗe, akwai ƙananan yara a gidan nan, naka da nawa, a taimaka a sa ƙofa. Idan ba a yi ba, to ya sa sakata a saman ƙofar ɗakinsa, kuma su yi magana da maiɗakinsa cewa yaro ba ya fita tsakar gida shi kaɗai. Bokiti kuwa a zubar da ruwan a kife shi, duro a rufe da murfi mai nauyi.

Kariya ta uku ita ce koyo. Yawancin yara suna iya fara koyon iyo daga shekara 4 a hannun wanda ya ƙware, maza da mata, da sutura ta mutunci. Sai dai iya iyo ba ya ɗauke mana tsaro, haka ma robar da ake hurawa a saƙala wa yaro a hannu, tana iya sacewa ko ta zame.

Idan kuma ƙaddara ta afka, Allah ya kiyaye, ga abin yi. Da zarar an nemi yaro an rasa, a fara duba ruwa kafin ɗaki ko titi. Wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa wuri mai zurfi, ya miƙa doguwar sanda, ko ya jefa jarka marar komai a rufe, ɗaure da igiya. Idan an fito da yaron, wani ya kira 112 ko 767 nan take. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 da sauri, a hura sau 2, a ci gaba da haka har taimako ya iso. Jariri da manyan yatsun hannu biyu ake danna masa. Kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki ko juya yaro kai ƙasa wai ruwa ya fito, wannan yana jawo amai ya toshe hanyar numfashi. Ko ya farfaɗo yana wasa, a kai shi asibiti, domin matsalar huhu tana iya bayyana bayan wasu sa'o'i. Karatu kaɗai ba ya koyar da wannan aiki. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana ba da horon agajin gaggawa, ya kamata matasanmu 'yan agaji da iyaye mata su nema.

'Ya'ya amana ce a hannunmu, kuma tawakkali na gaskiya yana zuwa ne bayan an ɗauki mataki. Yau idan mun koma gida daga masallaci, kowa ya zagaya gidansa ya ƙirga wuraren da ruwa ke kwance, ya rufe na rufewa, ya zubar da na zubarwa, ya kuma isar da saƙon ga maƙwabcin da bai samu zuwa ba.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya raya su bisa alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.