Darasi: Haƙƙin Tsohon da Ba Shi da Mai Riƙo

 

A ƙasar Hausa tsoho a gidansa yake tsufa. Ɗa ya noma masa, suruka ta dama masa kunu, jika ya riƙe masa hannu zuwa masallaci. Shi ya sa da yawa daga cikin masu ba mu gudummawa suke ƙyamar zancen gidan tsofaffi, suna ganinsa al'adar Turawa. Wannan ra'ayi yana da tushe a shari'a. Suratul Isra'i, aya 23 da 24, ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya riske su, kuma a mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, har ba ya halatta ya lissafa shi cikin zakkarsa.

To amma ina hukuncin tsohon da ɗan nasa aka kashe, ko yana hannun ɓarayin daji? Wannan ita ce tambayar da ƙauyukan bakin dajin Rugu suka ajiye a gabanmu. A watan Fabrairun 2020, harin da aka kai Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari ya ci rayuka kimanin 30, cikinsu har da tsofaffin da suka kasa gudu. Wasu tsofaffin da suka tsira daga irin waɗannan hare-hare sun tsinci kansu a azuzuwan firamare, ko a zauren wani mai tausayi a Batsari, Safana ko Runka. Waɗannan ɗakuna su ne gidajen tsofaffinmu, ko mun kira su haka ko ba mu kira ba.

Magabata sun riga mu. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya yanka masa abin masarufi daga baitulmali, ya kuma ɗauke masa jizya. Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu hidima. A dokar ƙasa ma, sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi cikin abin da ke kan hukuma, kuma a 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Sai dai tsakanin Abuja da Wagini akwai tafiya.

Kwamitoci su fara bambance aljihu biyu. Zakka haƙƙin mutum ce, daga cikin kashi 8 da Suratut Tauba ta lissafa a aya 60. Ana damƙa ta ga tsohon ko wakilin da ya yarda da shi, ta zama mallakarsa. Ba a gina ɗaki ko banɗaki na jama'a da ita. Gini da gyara da ladan mai jinya daga waƙafi da sadaka za su fito.

Sannan ɗakin kansa. Babban abin da ke kwantar da tsoho shi ne faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Don haka a duba dokin ƙofa, kada ya yi tudu. A duba ƙasa, kada ta yi santsi. A sa fitila a hanyar banɗaki. Masai na tsugunno azaba ne ga mai ciwon gwiwa, kuma kujerar katako mai rami da ƙarfen dafawa a bango ba su kai kuɗin buhun masara ba. Da hunturu, kaskon garwashi a ɗaki rufe yana kisa ta hanya biyu, gobara da iskar gawayi wadda ba ta da wari. Bargo ya fi shi aminci. Da bazara kuwa, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba.

Wanda ciwo ya kwantar ana juya shi kamar bayan kowace awa 2, a kuma duba bayansa da duga-dugansa, domin gyambon kwanciya a ɓoye yake farawa. Maganin hawan jini da na ciwon suga a rubuta su a littafi, da lokacin sha da sunan mai bayarwa. Namiji ya yi jinyar namiji, mace ta yi ta mace, domin tsufa bai ɗauke hukuncin al'aura ba.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi a wurinmu. Tsohuwar da ta fara mantuwa, tana sambatu, tana fita da dare, gigin tsufa ne yake damunta, cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Kiranta mayya zalunci ne, ɗaure ta da igiya ko kulle ta ita kaɗai zalunci ne a kan zalunci. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari. Haka nan ɗaukar hoton dattijo yana karɓar ƙullin hatsi don a sa a Facebook. Wanda jiya shi ne mai fitar da zakkar dami a gonarsa bai cancanci wannan tozarci ba, kuma mai bayarwa na neman zubar da ladarsa.

A ganinmu, ɗaki mai kyau a cikin gidan dangi ko maƙwabta, tare da tallafin wata-wata ga masu riƙo, ya fi babban gini a bayan gari inda tsoho ba zai ji kiran sallar unguwarsu ba. Sharaɗinsa shi ne sa ido. Kowane kwamitin masallaci ya naɗa mutum 2, namiji da mace, su riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba, su keɓe da tsohon, su tambaye shi da bakinsa abin da ya ci jiya da wanda yake riƙe masa kuɗinsa. Abin da suka gani su rubuta, su aiko wa ofishin sakatare kafin rabon watan Ramadan.